Saura Ɗaya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kachia daga cikin Kaduna ya san yadda gari ke ƙarewa sannu a hankali. Za ka haye gadar kogi, ka ratsa unguwannin Television da Sabon Tasha, ka bar matatar mai a gefe, ka kai Mararrabar Rido. Daga nan gidaje sai su fara sirancewa, gonakin masara su karɓi bakin titi, daji ya fara leƙowa. A wannan yankin, a Damishi cikin ƙaramar hukumar Chikun, aka kafa makarantar kwana ta Bethel Baptist a shekarar 1991. Ikilisiyar Baptist ce ta gina ta domin tarbiyyar yara maza da mata, kuma iyaye da yawa daga unguwannin kudancin Kaduna can suke kai 'ya'yansu.

Daren Lahadi wayewar Litinin, 5 ga Yuli 2021, yara kimanin 180 suna barci a ɗakunan kwanansu, lokacin jarrabawa ne. Tsakar dare 'yan bindiga suka fasa katangar makarantar suka shigo da harbi. Yara suka firgita, wasu suka tsere cikin duhu, sauran aka tattara su aka kora daji da ƙafa. Jami'an tsaro biyu sun rasa rayukansu a artabun wannan rana. Da gari ya waye iyaye suka yi ta kwararowa, uwaye suna birgima a ƙasa, wasu suka tare hanyar Kaduna zuwa Kachia don duniya ta ji kukansu. Da farko an ce yara 140 ne suka ɓace. Bayan ƙura ta lafa, masu garkuwar suka kira shugabannin makarantar, aka tsaya a kan adadi guda: 121.

Mai karatu ya riƙe wannan adadin, domin labarin nan gaba ɗaya labarin ƙirga ne.

Abin bai zo wa kowa a matsayin baƙon abu ba, shi ya sa tsoron ya fi tsanani. A watan Disamba 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A Fabrairu 2021 aka shiga Kagara, aka kuma ɗebi 'yan mata 279 a Jangeɓe. A Maris aka sace ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji da ke Afaka, a nan Kaduna. A Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, cikin Chikun ɗin nan, kuma kafin a gama ciniki aka tsinci gawarwakin ɗalibai biyar. A ƙarshen Mayu aka kwashe ƙananan yaran Islamiyya sama da 130 a Tegina. Bala'in bai tambayi addinin kowa ba. Iyayen Bethel sun san duk wannan, sun kuma san cewa gwamnatin jihar ta lokacin, ƙarƙashin Malam Nasir El-Rufa'i, ta sha nanata cewa ba za ta biya kuɗin fansa ba, ba kuma za ta yi sulhu da 'yan bindiga ba. Matakin da aka ɗauka nan take shi ne rufe makarantu 13 da ake ganin suna cikin haɗari. Yaran da ke daji kuwa, nauyinsu ya dawo kan iyayensu da ikilisiyarsu.

A nan ne ya kamata a ambaci wani mutum. Rabaran John Joseph Hayab, faston Baptist ne, kuma shi ne shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, reshen jihar Kaduna a lokacin. Ɗansa yana cikin ɗaliban makarantar, yana kuma cikin waɗanda suka tsere a daren. Da mutumin nan ya rungumi ɗansa ya koma gida ya rufe ƙofa ya yi wa Allah godiya, babu wanda zai ga laifinsa. Sai ya tsaya. Shi da Rabaran Ishaya Adamu Jangado, shugaban Baptist na Kaduna, da Rabaran Israel Akanji, shugaban Baptist na ƙasa baki ɗaya, su ne muryoyin da aka yi ta ji a jarida da rediyo wata bayan wata, suna faɗin yaran da suka dawo da yaran da suka rage. Hausawa suna cewa ɗa na kowa ne. Maganar tana da sauƙi a baki. Ranar da naka ya tsira na maƙwabci ya rage a hannun mugu, ranar ake gane wanda ya yarda da ita.

Harabar makarantar ta koma wurin sujada. Iyaye suka riƙa taruwa can suna addu'a, fastoci suna tare da su. Akwai wani hoto da ya zaga duniya a kwanakin: takalman yaran, silifas da sandal da aka tsinto daga ɗakunan kwana, an tara su a fili, iyaye suna kuka suna roƙo a kusa da su. Kowace uwa ta san takalmin ɗanta. Ta san ranar da ta saya, ta san inda ya tsinke aka ɗinke. Ganin takalmin yana gaya mata abu guda, cewa ɗanta yana taka daji da tafin ƙafa, cikin damina, cikin sauro da ruwan Yuli da Agusta.

Ya kamata a fahimci irin mutanen da suka taru a wannan fili. Tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi da yawa suka koma arewacinsa, Kiristoci da yawa suka tattaro zuwa kudu, Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi, Gonin Gora, Kamazo. A benci ɗaya na majami'a za ka tarar da Bagwari da Ba'adare da mutumin Bajju da na Atyap da na Ham, ga Bayarabe ga Inyamuri, ga Bahaushe Kirista, kuma sau da yawa Hausa ce ke haɗa su a waƙa da addu'a. Ba jini ɗaya ba ne, ba gari ɗaya ba ne. Abin da ya sa suke ce wa juna ɗan'uwa da 'yar'uwa shi ne bangaskiya. A kwanakin Bethel an gwada wannan kalma an ga nauyinta.

Abu na farko da masu garkuwar suka nema shi ne abinci: shinkafa da wake da mai. Tunanin abin kaɗai yana da ɗaci. Buhun da za ka aika, ka san wanda ya sace ɗanka ne zai fara cika cikinsa da shi. In kuma ka hana, ɗanka ne zai kwana da yunwa. A ƙarshen Bisharar Yohanna, Yesu ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa, kuma kowane karo abin da ya ɗora masa a matsayin shaidar ƙaunar shi ne kiwon tumakinsa da ciyar da su. Masu wa'azi sun saba fassara wannan da abincin ruhu, kuma haka ne. A Damishi sai ga umarnin ya zo a siffar buhun shinkafa da za a kai bakin daji.

Bayan abinci sai kuɗi. Iyayen yaran nan ba attajirai ba ne. Akwai malaman makaranta, ƙananan ma'aikata, manoma, 'yan kasuwa, fastocin ƙauye, gwauraye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka iyaye suka kawo abin da suke da shi, ikilisiyoyi suka yi baiko, masu fatan alheri suka taimaka. Daga baya shugabannin Baptist sun faɗa a fili cewa abin da aka kashe wajen karɓo yaran ya kai naira miliyan 250.

Wannan batu ba a wuce shi da sauri. Masu cewa kuɗin fansa yana ƙara wa 'yan bindiga ƙarfi gaskiya suka faɗa: da shi ake sayen babura da harsashi, da shi ake shirya satar gobe. Su ma shugabannin ikilisiya sun san haka. Amma gawarwakin Greenfield ba su cika wata uku da binnewa ba, kuma babu wanda ya zo da wata hanya ya ce ga yadda za a fito da yaran. Makiyayin da aka bar shi tsakanin wuta biyu ya zaɓi ran da ke gabansa. Kiristocin Afirka sun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba tun da daɗewa. Wajen shekara ta 253, mahara suka kwashe masu bi a Numidiya, ƙasar da yau take cikin Aljeriya. Bishop Sifiriyan na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tara gudummawa daga ikilisiyarsa, kuɗin Romawa dubu ɗari, ya aika wa bishof-bishof na can domin a fanso su. Hujjarsa ita ce kamun ɗan'uwa kamun kowa ne, tun da jiki ɗaya ne. Shekara sama da 1,700 ke tsakanin Kartaj da Kaduna, hujjar ba ta tsufa ba. Alhakin abin da ya faru yana kan wanda ya ɗauki bindiga ya shiga ɗakin yara, sannan da tambaya a kan waɗanda aka damƙa wa amanar tsaro. Uwar da ta sayar da abin hannunta don ta ga ɗanta ba ta da laifi a gaban kowa.

Ranar Lahadi 25 ga Yuli, bayan kwana ashirin, aka sako yara 28. Aka kawo su harabar makarantar, sun rame, sun yi duhu, wasu da ƙyar suke tsayuwa. Wanda ya ga nasa ya ruga ya rungume. Amma a filin nan guda, ga iyayen da suka duba fuska bayan fuska ba su ga tasu ba. Murna da makoki suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Manzo Bulus ya gargaɗi Romawa su taya mai murna murna, su taya mai kuka kuka. Ba kasafai ake buƙatar yin duka biyun a sa'a ɗaya ba. A ranar an buƙata, kuma aikin fasto da dattawa da matan zumunta ke nan: kada farin cikin wannan ya zama wuƙa a zuciyar wancan.

Daga nan ƙirga ta ci gaba. Wasu yaran suka sami sa'a suka gudo da kansu. A ƙarshen mako na uku na Agusta aka sako 15. Ranar 27 ga Agusta aka sako 32, saura 31. Ranar 18 ga Satumba aka sako 10, saura 21. Ranar 26 ga Satumba wasu 10, saura 11. A farkon Oktoba aka ƙara sako biyar. Duk lokacin da aka yi sanarwa, ba a rufe ta sai an faɗi adadin da ya rage, ana roƙon jama'a kada su daina addu'a.

A nan haɗarin ya sauya kama. Ranar da yara 121 suke daji, duniya duka tana kallo. Da suka koma 31, masu ɗaukar hoto sun ragu. Da suka koma 11, wasu labaran sun danne nasu. Wata sabuwar masifa ma ta faɗo wa ikilisiyar: ranar 31 ga Oktoba aka shiga majami'ar Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji ana tsakiyar sujada, aka kwashe masu ibada sama da 60. A lokacin kuma an katse layukan waya a sassan jihar. Aljihu ya bushe, jiki ya gaji, hawaye ya ƙafe. Iyalan da nasu suka rage su ne suka fi kowa shiga kaɗaici, domin taron da ya yi kuka tare da su a Yuli yawancinsa ya riga ya sami abin da ya zo nema.

Zuwa farkon Janairu 2022, yara 120 sun dawo. Saura ɗaya.

Yaro ne ƙarami, yana da shekara 12 aka ɗauke shi. A lissafin duniya aiki ya yi kyau: ɗari da ashirin cikin ɗari da ashirin da ɗaya, wa zai ce ba a yi ƙoƙari ba? Har labari ya bazu a jaridu cewa masu garkuwar sun janye hankalin yaron da kyauta, wai ba ya son dawowa. Irin wannan labari yana ba mutane damar wanke hannu cikin sauƙi, su ce ai shi ya zaɓa. Amma yaron da ke kewaye da bindigogi, nesa da uwarsa, ba shi da zaɓi. Abin da bakinsa ya faɗa a wurin, tsoro ne ya faɗa, ko dabarar tsira. Shugabannin ikilisiyar ba su cire shi daga lissafi ba. Shekarar 2022 ta wuce. Aka yi zaɓen 2023, gwamnati ta sauya a Kaduna da Abuja. Duk sa'ad da aka tada zancen Bethel, amsarsu ita ce har yanzu akwai yaro ɗaya a daji.

Babu Kiristan da zai ji wannan bai tuna da misalin da Yesu ya bayar ba, wanda ke cikin Luka sura 15 da Matiyu sura 18: mai tumaki ɗari da ɗaya ta ɓace, ya bar tasa'in da tara ya bi sawun ɓatacciyar har ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa. Yara suna haddace shi a makarantar Lahadi, ana zana shi a bangon majami'u. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsawon neman. Misalin bai ce makiyayin ya nema na yini ɗaya ba, bai ce na mako ba. Iyakar neman ita ce samu. Kuma kafin makiyayi ya san ɗaya ta ɓace, sai ya kasance mai ƙirga garkensa kowace yamma. Wanda ba ya ƙirga, tasa'in da tara da ɗari duk ɗaya ne a idonsa.

A farkon Nuwamba 2023, bayan shekara biyu da kusan wata huɗu, kwana sama da 800, yaron ya kuɓuce daga hannun masu riƙe da shi ya iso gida. Ya tafi yana ɗan shekara 12, ya dawo yana da 14. Rabaran Akanji ya sanar wa ikilisiyoyin Baptist da duniya cewa na ƙarshe ya dawo. Sai a ranar lissafin da aka buɗe a daren 5 ga Yuli 2021 ya cika: 121 suka tafi, 121 suka dawo da rai.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma kada a ɗauka dawowa ita ce ƙarshen aiki. Yaron da ya kwana watanni yana jin ƙarar bindiga yakan dawo da dajin a cikin kansa. Yakan firgita cikin barci, yakan tsorata da ƙarar babur, yakan yi shiru a inda da yake surutu. Wani yakan tambayi inda Allah yake a daren da aka kora shi ba takalmi, kuma tambayar ba saɓo ba ce, rauni ne ke magana. Uba da ya ci bashi yana nan da bashinsa bayan an gama waƙar godiya. Irin wannan jinya ba a yin ta daga kan bagade. Tana buƙatar wanda zai zo gida ya zauna, ya saurara ba tare da gaggawar kawo aya ba, ya raka yaro asibiti ko wurin masu ba da shawara, ya taimaka da kuɗin makaranta, ya dawo mako mai zuwa. Annabi Ezekiyel, a sura 34, ya tuhumi makiyayan Isra'ila da laifuffuka, ciki har da na sakaci: rashin ƙarfafa marar ƙarfi, rashin ɗaure mai karaya, rashin komo da wanda aka kora, rashin neman ɓatacce.  Sun bar tumakin.

Wannan nauyi kuma ba na masu farin kwala kaɗai ba ne. Fasto ɗaya ba zai san halin mutum ɗari biyar ba. A Bethel an ga sunayen shugabanni a jarida, amma waɗanda suka riƙe iyalan nan su ne mutanen da ba a rubuta sunansu ko'ina ba: matar da ta zauna kusa da 'yar'uwarta a filin addu'a, dattijon da ya sa abin da ke aljihunsa a baiko, matashin da ya ɗauki wani a babur zuwa Damishi, da duk wanda ya ci gaba da ambaton yaron ƙarshe a gaban Ubangiji bayan jaridu sun manta da shi.

Yawancin waɗanda ke ɓacewa daga cikinmu ba 'yan bindiga ke ɗauke su ba. Akwai gwauruwar da aka cika gidanta ranar jana'iza, bayan wata guda ƙafa ta ɗauke. Akwai saurayin da ƙwaya ta janye daga ƙungiyar mawaƙa zuwa bakin kwata. Akwai yarinyar da ta yi ciki aka dakatar da ita, kunya ta hana ta dawowa, ba kuma wanda ya je. Akwai magidancin da ya rasa aiki ya daina zuwa sujada saboda ba shi da na baiko. Akwai iyalan da suka gudo daga ƙauyukan Chikun da Kajuru suna raɓe a ɗakin haya a Mararrabar Rido, suna zama a bencin baya ba wanda ya san sunansu. Akwai sabon tuba da aka yi wa baftisma da murna, sannan aka bar shi ya koyi tafiya shi kaɗai. Waɗannan ba sa buƙatar naira miliyan 250. Suna buƙatar a lura ba sa nan.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar Lahadi mai zuwa in ka zauna a majami'a, ka dubi bencinka da na gabanka, ka tuna wanda ya saba zama a wurin da ba ka gani ba kwana biyu. Kada ka bar wa fasto, kada ka ce wani zai je. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi gidansa, ka yi sallama, ka zauna, ka ji abin da ke damunsa, ka yi addu'a tare da shi, in da abin da za ka iya ka yi. In bai karɓe ka ranar farko ba, ka koma. Mutanen Bethel sun jira yaro ɗaya kwana sama da 800 ba su share sunansa ba. Naka ɓataccen yana nan cikin unguwa, tafiyar minti goma ce. Tashi ka je.